Tambarin Najeriya da Hatimin Hukuma: Tambayoyi da Amsoshi

Kowa ya san dawakan nan biyu farare da jar mikiya a samansu. Suna kan fasfo, suna kan kuɗi, suna ƙofar kowace ma'aikata. Amma masu zane da masu ɗab'i da ma'aikatan ofis sukan yi kuskure a kansu, wani lokacin har a takardun gwamnati. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da asalin tambarin, da ma'anar kowane sashe nasa, da yadda ake mayar da shi hatimi.

Shin tambari da hatimi ba abu ɗaya ba ne?

A bakin jama'a ana haɗa su, amma a wurin aiki sun bambanta. Tambari shi ne zanen da ke wakiltar ƙasa ko jiha ko wata hukuma. Ana iya buga shi a bango, a jikin mota, ko a saman takarda, kuma aikinsa bai wuce ya nuna mai abin ba. Hatimi kuwa kayan aiki ne, na ƙarfe ko na roba, wanda ake dannawa a kan takarda domin shaida cewa hukumar da ke da shi ta amince da abin da aka rubuta. Shatin da ya bari a takardar ma hatimi ake kiransa. Galibi tambarin ne ake sassaƙawa a tsakiyar hatimin, a kewaye shi da sunan ofis. Saboda haka takardar da ke da tambari a samanta ba lalle ba ne tana da hatimi. Kowace na'urar ɗab'i tana iya fitar da tambari, amma hatimi yana hannun jami'i ɗaya ne wanda aka damƙa wa amanarsa.

Turawa ne suka kawo mana al'adar hatimi?

A'a. Kalmar kanta daga Larabci ta zo, kuma asalinta zobe ne. Ya tabbata a hadisi cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) ya yi niyyar rubuta wa sarakunan ƙasashe wasiƙu, an gaya masa ba sa karɓar wasiƙar da ba ta da hatimi, sai aka ƙera masa zoben azurfa mai ɗauke da "Muhammadur Rasulullah". Zoben ya wuce hannun Sayyidina Abubakar da Umar, har ya faɗa rijiyar Aris a zamanin Sayyidina Usman.

A wannan yanki, wasiƙun Shehunan Borno na ƙarni na 19 suna ɗauke da hatimi a samansu, da rubutun Larabci mai sunan mai mulki da addu'a. Yadda ake buga irin wannan hatimi ya bambanta da na roba na yau. Ana sassaƙa haruffan ne su nutse cikin ƙarfen, a shafa tawada mai kauri a fuskarsa, a ɗan jiƙa wurin da za a buga, sannan a danna. Sai filin ya fito baƙi, rubutun ya fito fari. In tawada ta yi yawa sai ta cike ramukan haruffan, shi ya sa wasu tsofaffin hatimai ba sa karantuwa.

Wace alama Najeriya ke amfani da ita kafin samun 'yanci?

Bayan haɗe Kudu da Arewa a ranar 1 ga Janairu, 1914, alamar mulkin mallaka ita ce koriyar tauraruwa mai tsini shida a cikin jan da'ira, da kambin sarautar Ingila a tsakiya, da sunan ƙasar a ƙarƙashinsa. Tauraruwar alwatika biyu ce da aka sarƙe, wadda malamai suka sani da hatimin Annabi Sulaimanu. Gwamna Lugga, wanda ya haɗe Kudu da Arewa, da kansa ya rubuta daga baya cewa an ga zanen ne a murfin wata buta ta tagulla da sojoji suka kwaso lokacin da aka ci Kontagora da yaƙi. Dattawan da suka kashe anini da kwabo mai huji sun san ta, domin tana jikin waɗannan tsabar kuɗi. Ba ta ɓace gaba ɗaya ba. Tana nan a tambarin Rundunar Sojan Ƙasa ta Najeriya, ƙarƙashin mikiya, tare da rubutun Larabci "Nasrun minallah".

Yaushe aka samar da tambarin yanzu? A 1960 ne ko a 1975?

A 1960 ne. An tabbatar da shi da takardar izinin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a ranar 20 ga Mayu, 1960, wato wata huɗu da 'yan kwanaki kafin bikin 'yanci na 1 ga Oktoba. A shekarar ce kuma aka kafa dokar tutoci da tambura, wadda har yanzu ita ce ke kula da amfani da shi. Littattafan makaranta da dama suna kawo 1975, amma hujja mafi sauƙi tana cikin tsohuwar tsabar kuɗi: kwabbai da sulallan da aka fitar a 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam, suna ɗauke da wannan tambari, sai dai da tsohon takensa.

Wanda ya zana tuta shi ne ya zana tambari?

Ba shi ba ne. Michael Taiwo Akinkunmi tuta ya zana, a gasar da aka yi a 1959, lokacin yana ɗalibi a Landan. Zanensa na farko yana da jar rana a tsakiya, alƙalan gasar suka cire ta. Tambari ya biyo ta wata hanya daban, hanyar tsarin tamburan sarautar Ingila, inda ake rubuta siffarsa da kalmomi kafin a zana. Akwai kuma labarin da ke yawo a intanet cewa wani mai suna Hervis Bain ne ya zana shi. Wannan ruɗani ne: tambarin ƙasarsa Bahamas ya zana, wanda aka amince da shi a 1971.

Batun rubuta siffa da kalmomi yana da muhimmanci ga mai zane. A wannan tsari, bayanin shi ne asali, zane kuwa fassara ce. Mai zane biyu na iya bambanta a kaurin wuyan doki ko yawan gashin fiffike, duka su zama daidai. Amma ba wanda ke da ikon canza launi, ko juya fuskar mikiya, ko ƙara wani abu da babu shi a bayanin.

Sassa nawa ne a tambarin?

Bakwai ne idan aka ƙirga su ɗaya-ɗaya: baƙar garkuwa, farin zane mai siffar harafin Y a kanta, fararen dawaki biyu, naɗi mai launin fari da kore, jar mikiya, dandamalin ciyawa mai furanni, sai ƙyallen da ke ɗauke da taken ƙasa.

Me ya sa garkuwar ta zama baƙa, kuma mene ne wannan Y ɗin?

Baƙin yana nuni da ƙasar noma mai albarka. Manomi ya san baƙar ƙasa ta fadama ta fi jigawa riƙe ruwa da taki, to ma'anar ke nan.

Farin zanen kuwa taswira ce a taƙaice. Reshen da ke hagun mai kallo shi ne kogin Kwara, wato Neja, wanda ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shigo Najeriya ta arewa maso yamma, tsawonsa kusan kilomita 4,180. Reshen dama shi ne Binuwai, mai kimanin kilomita 1,400, wanda ya taso daga tudun Adamawa na ƙasar Kamaru ya biyo ta Yola da Makurɗi. Sun haɗu a Lakwaja, suka gangara teku a matsayin kogi ɗaya, wato ƙafar harafin. Dole gefunansa su kasance masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Wanda ya zana shi miƙaƙƙe ɗoɗar ya zana harafi ne kawai, ya zubar da koguna.

Akwai ƙarin ma'ana ga wanda ya san taswirar 1960. Kogunan nan ne suka raba ƙasar gida uku a ido, kuma jihohin wancan lokaci uku ne: Arewa, Yamma da Gabas. Iyakokin ba su bi bakin kogi daidai ba, domin Jihar Arewa ta tsallaka har Ilori da Kabba da ƙasar Tibi, amma hoton rassa da suka haɗu wuri ɗaya ya dace da taken haɗin kai.

Dawakan fa, da mikiyar?

Dawakan suna wakiltar martaba da ƙwarjini. Aikinsu a tsarin zanen shi ne riƙe garkuwa, don haka suna tsaye a kan ƙafafun baya, na gaba suna dafe da gefenta, suna fuskantar juna. Farare ne su biyun, ba sirdi, ba linzami.

Mikiya alamar ƙarfi ce. Ja ce, fukafukanta a buɗe, tana tsaye a kan naɗin. Wasu masana harshe za su ce gaggafa ko juhurma ya fi dacewa da tsuntsun da ke zanen, amma mikiya ce ta bi bakin mutane, kuma da ita ake kiran 'yan wasan ƙwallon ƙasar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda ta juya kai: tana kallon hagun mai kallo. Dalili shi ne, a ƙa'idar tambura ana ƙirga dama da hagu ne daga wajen wanda ya riƙe garkuwar a ƙirjinsa. Damarsa ita ce hagunka, kuma nan ne gefen girma. Mikiyar da ke kallon damarka alama ce cewa an juya hoton.

Naɗin da take tsaye a kai ya yi kama da gammo. Asalinsa ƙyalle biyu ne da ake murɗawa a ɗora a kan kwalkwalin mayaƙi. Launinsa fari da kore, irin na tuta. A al'adar masu zanen tambura ana nuna murɗi shida, a fara da fari daga hagun mai kallo.

Wane fure ne a ƙarƙashin dawakan, kuma me ya sa ake cewa launinsa kuskure ne?

Sunansa na kimiyya Costus spectabilis, kuma shi ne furen ƙasa. A Hausa ana kiran tsiron takalmin zomo. Ba shi da kara. Da saukar damina yakan fitar da ganye huɗu masu faɗi da kauri, su kwanta a ƙasa kamar an jera faifai, sai fure ya ɓullo daga tsakiyarsu. Yana da saiwa mai kauri da ke kwana a ƙasa duk rani. An zaɓe shi ne saboda ana samunsa a sassa da yawa na ƙasar, yana kuma nuna kyawunta.

Furensa na gaskiya rawaya ne, ruwan ɗorawa mai haske. Amma a yawancin zanen tambarin da ke yawo, har da na ofisoshin gwamnati, ja ake yi masa. Ra'ayinmu shi ne, tunda an ambaci tsiron da sunansa, rawaya ya fi cancanta. Sai dai mai ɗab'in da aka ba aikin gwamnati kada ya gyara da kansa. Ya bi samfurin da ofishin ya ba shi, ya sanar da su a rubuce. Wani kuskuren da ya yaɗu shi ne rubuta sunan "Coctus", har wasu suka ɗauka dangin kyarana ne mai ƙaya, alhali dangin citta ya fi kusa da shi.

Taken da ke ƙasa ya taɓa canzawa?

Sau ɗaya. Daga 1960 taken shi ne "Unity and Faith", wato haɗin kai da imani. A 1978, lokacin da ake shirin mayar da mulki ga farar hula, aka ƙara "Peace and Progress", zaman lafiya da ci-gaba. Ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 tana da dalilin sa zaman lafiya a takenta. Yanzu cikakken taken yana sashe na 15(1) na tsarin mulkin 1999. Wannan yana taimakawa wajen tantance tsofaffin takardu: takardar da aka ce ta 1965 ce, amma tambarinta na ɗauke da dogon take, akwai abin bincike a kanta.

Hatimin Shugaban Ƙasa daban yake?

E, amma daga tambarin aka ciro shi. Tambarin ne a tsakiyar da'ira, an kewaye shi da rubutun da ke cewa hatimin Shugaban Tarayyar Najeriya ne. Alhaji Shehu Shagari ne ya fara amfani da shi a 1979, lokacin da ƙasar ta koma tsarin shugaba mai cikakken iko. Gwamnatocin soja sun ajiye shi daga ƙarshen 1983, ya dawo a 1999. Mataimakin Shugaban Ƙasa, Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai kowanne yana da nasa.

Jihohi suna da nasu tambarin?

A jamhuriya ta farko kowace jiha tana da nata. Na Jihar Arewa doki da raƙumi ne ke riƙe da garkuwarsa, takensa kuma aiki da ibada. Bayan an rushe jihohin an ƙirƙiro goma sha biyu a ranar 27 ga Mayu, 1967, tsarin ya sauya. An daɗe gwamnatocin jihohi da yawa suna amfani da tambarin tarayya, su rubuta sunan jiha a ƙasansa. Daga 1999 zuwa yau jihohi da dama sun fito da nasu. Legas tana da nata mai taken adalci da ci-gaba, Osun kuma ta yi doka a kan nata tambari da tuta a zamanin Gwamna Rauf Aregbesola.

A nan akwai abin lura. Alamar da wata gwamnati ta ƙirƙiro don tallata ayyukanta ba ita ce tambarin jiha ba. Irin wannan takan tafi da wanda ya kawo ta. Tambarin da zai daɗe shi ne wanda majalisar jiha ta kafa da doka, aka rubuta siffarsa da launukansa, aka buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Jihar da ke canza alama duk bayan shekara huɗu ko takwas tana wahalar da duk mai son tantance takardunta nan gaba.

Dagin Arewa, wanda ake gani a riguna da gine-gine, ba ya cikin tambarin tarayya. Alama ce ta al'ada da yanki.

Yaya na Jamhuriyar Nijar yake?

A Nijar an rubuta siffar hatimi ne a cikin tsarin mulki. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya ƙayyade faɗinsa milimita 40. A tsakiya akwai rana, a gefe ɗaya mashi a tsaye da takubban Buzaye biyu a gicciye, a ɗaya gefen zangarniyar gero uku, a ƙasa kuma kan sa. A kewaye an rubuta sunan jamhuriyar da takenta na zumunci, aiki da ci-gaba, da Faransanci. Tambarin kuwa garkuwar ce mai waɗannan alamomi, da tutocin ƙasar a bayanta.

Zan iya sa tambarin Najeriya a katin kasuwancina ko takardar ƙungiyarmu?

Ba tare da izini ba, a'a. Dokar 1960 ta hana amfani da shi sai da lasisin ministan da aka ɗora wa alhakin, ko kuma ta hanyar da wata doka ta yarda. Hukuncin da ke cikinta tarar naira 100 ce, da naira 10 a kowace rana idan aka ci gaba da laifin. Wannan tara ta daɗe da rasa ƙarfinta, kuma ya kamata majalisa ta sabunta ta. Sai dai ƙanƙantarta ba ta nufin babu haɗari. Idan tambarin ya sa wani ya ɗauka takardarka ta gwamnati ce har ya ba da kuɗi, magana ta tashi daga tara ta koma zamba da sojan gona. Zana shi a littafin makaranta ko nuna shi a darasi wani abu ne daban da liƙa shi a rasit.

Yaya ake ƙera hatimin ƙarfe mai matse takarda?

Faifai biyu ne ke aikin, masu sana'ar na kiransu mace da namiji. A macen ake sassaƙa zanen ya nutse, namijin kuma yana da tudun da ya dace da ramin daidai. Idan aka sa takarda a tsakani aka danna hannun, sai ta kumbura da siffar zanen ba tare da tawada ba.

Aikin yakan fara da takardar umarni daga ofishin da ke so, mai ɗauke da ainihin kalmomin da za a rubuta. Maƙerin kirki ba ya karɓar aikin hatimin hukuma daga wanda ya shigo da baki kawai. Daga nan a shirya zanen baƙi da fari, ba inuwa, a fayil na layi irin SVG ko PDF wanda ba ya dusashewa in an ƙara girmansa. Faɗin da aka fi yi tsakanin milimita 38 ne zuwa 51. A irin wannan girma dole a rage ƙananan abubuwa, kamar gashin wutsiyar doki da ɗaiɗaikun ciyayi, domin layin da bai kai rubu'in milimita ba ba ya fitowa a takarda. Haruffan kewaye kada su gaza milimita 2 a tsayi.

Sai a sassaƙa macen a tagulla ko wani abu mai tauri, da injin sassaƙa ko na'urar leza. Daga jikinta ake fitar da namijin, domin su dace. A ɗaura su a jikin matsin, a tantance ta wane gefen takarda za a riƙa shigar da shi. Wannan tambaya ce da ake yawan mantawa: hatimin da aka saita don shiga ta ƙasan takarda, in aka shigar da shi ta gefe, zanen zai fito a kwance. A ƙarshe a gwada a kan irin takardar da ofishin ke amfani da ita, a ajiye samfurin farko a fayil da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa.

Tunda hatimi ba shi da launi, ta yaya ake nuna baƙi da ja da kore?

Akwai tsohuwar dabara ta masu sassaƙa da ta yaɗu a Turai tun ƙarni na 17. Kowane launi yana da nasa layuka. Ja layuka ne a tsaye, shuɗi a kwance, baƙi kuwa a tsaye da a kwance sun sarƙe kamar raga. Kore layuka ne a karkace, daga saman hagun mai kallo zuwa ƙasan dama. Ruwan zinariya ɗige-ɗige ne, fari kuma a bar shi sumul. Da wannan, garkuwar Najeriya za ta zama raga, kogunan su fito sumul a kanta. A ƙaramin hatimi ragar takan cushe, don haka da yawa sukan nutsar da filin garkuwar kawai su bar kogunan a sama.

Me ya sa hatiminmu ke yaga takarda, ko ya fito rabi?

Yagewa na zuwa ne daga ɗayan abu uku. Ko faifan biyu sun goce daga saitinsu, galibi bayan matsin ya faɗi ƙasa, sai gefen namijin ya riƙa yanka maimakon turawa. Ko takardar ta yi siriri: wadda ba ta kai giram 80 a murabba'in mita ba ba ta jure zane mai zurfi. Ko kuma an sassaƙa gefunan zanen da kaifi ba a ɗan dasashe su ba. Fitowa rabi kuwa yawanci daga takarda mai kauri ne, sama da giram 120 a matsin hannu, ko haɗa shafi uku a danna lokaci ɗaya, ko datti da ya taru a ramukan macen. Ana share shi da busasshen buroshi mai laushi. Allura ko reza na ƙarce zanen, kuma ƙarcen zai fito a kowace takarda daga ranar. Kada a danna matsin babu takarda a ciki, kada kuma a danna a kan ƙusar sitefula, domin sau ɗaya ya isa ya lotsa namijin.

Jar takardar nan mai gam, mai baki kamar haƙoran zarto, wadda ake liƙawa kafin a danna, tana da amfani biyu: tana ƙara wa wurin kauri, tana kuma sa shatin ya fito sarai. Ita ce ta gaji jan kakin da ake narkarwa a da.

Na roba fa?

Shi ana sassaƙa shi ne a juye, kamar yadda rubutu ke fitowa a madubi, domin ya fito daidai a takarda. A nan ne ake yawan juya mikiya. Mai aiki ya juya rubutun ya manta da hoton, ko ya juya fayil ɗin da an riga an juya. Kafin a biya kuɗi a buga gwaji a duba abu uku: mikiya na kallon hagu, take na karantuwa har ƙarshe, garkuwa ba ta zama dunƙulen tawada ba. Tawada mai mai tana kumbura wasu nau'o'in roba, don haka a tambayi maƙerin wadda ta dace. Kuma hatimin roba ya fi sauƙin kwaikwayo, saboda haka bai kamata ya zama shi kaɗai ne shaida a kan takarda mai nauyi ba.

Waɗanne kurakurai aka fi gani a tambarin da ake bugawa?

Jan hoton ta gefe ɗaya don ya cike fili, har dawakan su yi kama da jakuna ko su yi tsawo kamar raƙuma. Cire dandamalin furanni. Mayar da garkuwa shuɗiya ko koriya don ta dace da launin kamfani. Rubuta tsohon take, ko sauya jerin kalmomin. Ɗauko ƙaramin hoto daga intanet a hura shi ya zama allo, gefunansa su farfashe. Sai kuma ɗora rubutu ko hoton mutum a kan garkuwar, wanda ya zama ruwan dare a fastocin siyasa.

Idan takarda na da hatimi, ta inganta ke nan?

Hatimi shaida ce ɗaya daga cikin shaidu. Ɗauki misalin kwafin takardar hukuma da ake kai wa kotu. Sashe na 104 na dokar shaida ta 2011 ya buƙaci a biya kuɗin da aka ƙayyade, a rubuta a ƙasan kwafin cewa kwafi ne na gaskiya, a sa kwanan wata, jami'in ya sa hannu da sunansa da muƙaminsa, sannan a buga hatimi idan doka ta ba shi ikon amfani da hatimi. In ɗaya ya ɓace, lauyan ɗaya ɓangaren zai nemi a ƙi karɓarta, ko da hatimin ya fito raɗau. A ɗaya hannun, dokar kamfanoni ta 2020 ta mayar da hatimin kamfani zaɓi, ba tilas ba.

Ga mai tantancewa: shafa bayan takardar da yatsa, hatimin matsi na gaskiya yana da rami a baya daidai da tudun gaba. Wanda aka buga da na'urar ɗab'i sumul yake. Hoton takarda ba ya nuna shatin matsi sosai, don haka a nemi ta asali. Mafi tabbaci shi ne a rubuta wa ofishin da aka ce ya bayar, a ambaci lambar takardar.

Ƙirƙirar hatimin jabu babban laifi ne. A dokar Final Kot ta Arewa hukuncin jabun takarda na iya kaiwa shekara 14, a kundin hukunta laifuka na jihohin Kudu kuwa jabun hatimin ƙasa ko na jiha na iya jawo ɗaurin rai da rai.

Hatimin Najeriya ya isa a karɓi takardata a ƙasar waje?

Yawanci bai isa ba, domin jami'in wata ƙasa bai san hatimin kowane ofishi na Najeriya ba. Ana bin matakai ne. Takardar karatu takan fara zuwa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, daga nan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tabbatar da hatimi da sa hannun da ke kai, sai ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya buga nasa. Kowane mataki yana shaidar wanda ya gabace shi ne, shi ya sa tsallake ɗaya ke sa a dawo da mutum baya. Kada a rufe takardar da leda mai zafi kafin a gama, domin ledar tana danne shatin matsi, kuma ba a iya buga sabon hatimi a kanta.

Idan hatimin ofis ya ɓace ko ya lalace, me za a yi?

In ɓata ya yi, a sanar da shugaban ofis a rubuce a ranar, a kai rahoto ga 'yan sanda, a rubuta rana da lokacin da aka yi amfani da shi na ƙarshe. Wannan kwanan wata shi ne zai raba takardun gaskiya da waɗanda za a iya bugawa daga baya. A sanar da bankuna da ofisoshin da suka saba karɓar takardun wurin. Sabon da za a ƙera kada ya zama kwafin tsohon sak. A sa masa wani bambanci, kamar lamba ko ƙaramar alama a kewaye, a rubuta ranar da ya fara aiki.

In lalacewa ya yi, ba a jefa shi a shara. A goge fuskar faifan da zarto ko a yanka robar gunduwa-gunduwa a gaban shaidu biyu, su sa hannu a rajistar hatimi, a ajiye samfurin bugunsa na ƙarshe tare da na farko a fayil ɗaya.